Tanar Roba a Gulbin Rima

Ranar da na fara buɗe akwatin kayan fatsata a bakin gulbi wajen Kwalkwalawa, wani dattijon masunci da ke gyaran birginsa a inuwa ya taso ya leƙa. Ya ɗauki tanar roba guda ɗaya, ya ja ta ta miƙe, ya sake ta ta koma, sannan ya kai ta hanci ya shinshina. Ya daɗe bai ce uffan ba. Daga baya ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga abu kihi ka cin shi, ko ko yara ka wasa da shi?" Na amsa masa cikin ladabi cewa a ƙasar da na samo ta babu abin da ya kai ta kama kifi. Ya mayar da ita cikin akwatin ya ce, "To, can ne. Kihinmu na nan bai yi boko ba."

Tun daga wannan rana nake ta gwaji a ruwayen da ke kewaye da Sakkwato, kuma abin da na tarar shi ne Baba ya yi gaskiya a kan tanar, amma bai yi gaskiya a kan sauran abin da ke cikin akwatin ba. Tanar roba an ƙera ta ne don bakin wani kifi guda da halinsa, kuma idan babu shi a ruwa, rabin dabararta ya tafi. Jigi kuwa, wato ƙugiyar da aka zuba wa kan dalma, ya ƙetare teku lafiya, yana kuma aiki a nan fiye da yadda na zata.

A jihar Teksas ta Amurka na koyi wannan irin fatsa, lokacin da nake karatu, a hannun wani maƙwabcina tsoho da ya ajiye aiki, wanda ba shi da abin yi a ƙarshen mako sai jan ɗan jirginsa zuwa tafki. Yawancin manyan tafkunan jihar madatsun ruwa ne da aka gina, kuma a wasunsu ruwa ya haɗiye daji da bishiyoyinsa a tsaye, har yau kana ganin rassan sun leƙo sama kamar yatsu. A cikin waɗannan rassa kifin da suke kira bas yake zama. Kifi ne kore mai baƙin zane a gefe, ɗan asalin Amurka ta Arewa, wanda bakinsa idan ya buɗe yakan wuce bayan idonsa. Ba ya yawan bin abinci da gudu a fili. Laɓewa yake yi a jikin kututture ko ƙarƙashin ciyawa, idan abu ya gifta sai ya hangame baki, ya buɗe marufan kunnuwansa, ruwa ya ruga ciki da abin gaba ɗaya. Haƙoransa kuma ƙanana ne, masu kaushi kamar takardar goge katako, ba sa yanke zare, shi ya sa ake iya riƙe shi ta leɓen ƙasa da babban yatsa.

Ba wani ƙaton kifi ba ne a ma'auninmu. Mafi girman da aka tabbatar a tarihi shi ne wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, mai nauyin laba 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yan kai, kuma Perry bai rataye shi a bango ba, gida ya kai shi aka ci, domin zamani ne na matsin tattalin arziki. Sai a 2009 wani Bajapane mai suna Manabu Kurita ya kama wanda ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar bikin Argungu ya ga giwan ruwan da ake fitarwa da homa da gora, zai yi murmushi idan ya ji ana bugun ƙirji da kilo 10. Amma darajar bas a wurin masu neman sa tana cikin wuyar shawo kansa ne, da yadda yake tsalle sama yana girgiza kai idan ya ji ƙugiya.

Ita tanar roba wani maƙerin injuna ne mai suna Nick Creme ya fara zuba ta a 1949 a garin Akron na jihar Ohayo, garin da ya yi suna wajen masana'antun taya. Shi da matarsa suka riƙa dafa roba a gida suna zubawa a mazubin da aka ɗauko siffarsa daga tana ta gaske, har suka sami wadda ba ta taurare bayan ta huce. Da kasuwarta ta buɗe a tafkunan kudu, sai ya mayar da sana'ar garin Tyler na Teksas. Tun daga nan aka yi ta ƙari: masu wutsiya mai lanƙwasa, masu kama da ƙadangare, masu kama da ƙaguwa, da waɗanda aka cuɗa da gishiri, irin Senko, wadda gishirin ke ƙara mata nauyi har ta nitse da kanta tana rawa ba tare da dalma ba. Amfanin laushin da gishirin ɗaya ne: kifi ya riƙe abin a bakinsa na ɗan lokaci kafin ya gane ruɗi ne ya tofar. A cikin wannan ɗan lokaci ne mai fatsa yake ci ko ya yi asara.

Keken naɗe zare iri biyu ne ake amfani da su. Akwai wanda ke zama a saman sanda, kwarkwaronsa na juyawa lokacin jifa, wanda idan babban yatsanka bai ƙware ba zare zai cukurkuɗe ya zama sheƙar tsuntsu. Akwai kuma wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa a tsaye yake, zare ne ke warwarowa daga bakinsa, irin wanda samfurin Mitchell 300 na Faransa ya yaɗa a duniya bayan yaƙin duniya na biyu. Wannan na biyun nake amfani da shi, kuma shi nake ba kowa shawara, domin yana jefa abu mara nauyi nesa, kuma yaro ma yana iya koyon sa da yamma ɗaya. Sandata ƙafa 7 ce, mai matsakaicin ƙarfi, wadda tsininta kaɗai ke lanƙwasa da wuri. Keken lamba 2500 ne. A kansa ina naɗa zaren kitso mai ɗaukar laba 15, sannan in ƙulla masa kamar mita ɗaya da rabi na zaren fulorokabon a gaba. Zaren kitso ba ya miƙewa kamar na lailan, don haka duk abin da ya taɓa ƙugiya a ƙasan ruwa yana isowa tafin hannu, shi kuma fulorokabon ba ya fiya bayyana a ruwa kuma yana jure gogar dutse.

Aibin wannan keke shi ne murɗewar zare, kuma kusan kullum laifin mai shi ne. Idan ka yi jifa, ka rufe ƙarfen bakin keken da hannunka, kada ka bari juya mariƙi ya rufe shi, sannan ka ɗan ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi. Idan kifi yana jan zare birkin keken na ƙara, kada ka ci gaba da juya mariƙi, domin kowane juyi murɗa ce kake ƙara wa zaren. Kada kuma ka cika kwarkwaro har baki. Ka bar kamar milimita 3. Na koyi wannan na ƙarshe ne da iskar hunturu a bakin Rima, ranar da na shafe fiye da rabin safiya ina warware ƙulli yayin da yara masu kallo suke ba ni shawarwari.

Ɗaurin da ya sa tanar roba ta gagara shi ne wanda ake kira ɗaurin Teksas, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin duk wanda ya fahimce shi ya fahimci sauran. Da farko za ka zura wa zare dalma mai siffar harsashi, tsininta na kallon sanda, mai nauyin giram 3.5 a ruwa mara zurfi ko giram 7 idan akwai iska ko zurfi. Sai ka ɗaura ƙugiya mai ɗan gwiwa kusa da kafarta, lamba 3/0 ga tana mai inci 6. Ka soka tsinin ƙugiyar a tsakiyar kan tanar kamar rabin santimita, ka fito da shi ta gefe, ka ja tanar har kanta ya hau gwiwar, ka juya ƙugiyar ta fuskanci jikin tanar, sannan ka auna inda tsinin zai faɗa ka soka shi, amma ka bar shi a ɓoye a ƙarƙashin fatar robar. Idan ka ɗaga ta, dole ta rataya a miƙe sak. Tanar da ta karkace juyawa za ta yi ta yi a ruwa, ta murɗe maka zare, kifi kuma ya ƙi ta. Da yake tsinin a ɓoye yake, kana iya jefa ta tsakiyar rassa da ciyawa, inda kowace ƙugiya za ta maƙale, ta ratsa ta fito.

Bayan jifa sai aikin haƙuri. Za ka bar ta ta nitse zare na ɗan sako-sako, idonka a kan inda zaren ya shiga ruwa, domin sau da yawa kifi yana ɗauka ne tun tana faɗuwa. Idan ta taɓa ƙasa zaren zai kwanta. Sai ka ɗaga sanda a hankali, da sandar kake jan ta ba da keke ba, ka sauke, ka naɗe abin da ya saki, ka jira. Maƙwabcin nan nawa ya sa na shafe fita biyu cur ina jan dalma kaɗai babu ƙugiya, yana tambayata abin da nake ji. Laka tana da nauyi mai laushi, kamar ana jan ƙafa a cikin kunu. Tsakuwa tana karkarwa. Reshe yana riƙewa a hankali, ya ƙara nauyi, sannan ya saki dalmar ta faɗa ɗaya gefen, kuma daidai wannan faɗuwar ce aka fi samun kifi. Taɓin bas kuwa daban yake da duk waɗannan: wani lokaci kamar an ɗalli zaren da farce sau ɗaya, wani lokaci ka ga zaren yana tafiya gefe shi kaɗai, wani lokacin kuma, wanda ya fi ruɗar sabon shiga, nauyin dalmar ne zai ɓace gaba ɗaya saboda kifin ya ɗauka ya taho wajenka. Ko wanne ne, sai ka sunkuyar da sanda, ka naɗe zare har ka ji nauyi, sannan ka fizga sama da ƙarfi, domin sai tsinin ya huda robar kafin ya kai ga bakin kifin.

Akwai wasu ɗaure-ɗauren, kamar wanda ake soke tanar ta tsakiya ta riƙa kaɗa kai da wutsiya, da wanda dalma ke can ƙasa ƙugiya na sama da ita, amma duk rassa ne na abu guda.

Jigi ya fi tanar daɗewa a duniya, kuma ya fi ta sauƙin bayani: ƙugiya ce da aka zuba wa dalma a wuya, ta yadda nauyi da ƙugiya suka zama abu ɗaya. Na bas yakan zo da tuntu na siraran roba da ke buɗewa idan ya tsaya a ƙasa, da wani ɗan gashi mai tauri a gaban tsini don kare shi daga itace, kuma akan maƙala masa roba mai hannaye biyu don ya yi kama da ƙaguwar ruwa da bas ke so. Da siririn zare da sanda irin tawa, ban wuce mai giram 7 zuwa 10 ba, domin manya masu kaurin ƙugiya suna bukatar sanda mai ƙarfin da zai iya soka su. Akwai kuma tsuran kan jigi, babu tuntu babu gashi, wanda ake zura wa roba mai siffar ɗan kifi da wutsiya kamar faranti, tana kaɗawa idan ana ja. A can ban ba wannan na ƙarshe muhimmanci ba, guda kaɗan na saya don cike akwati. Shi ne ya zo ya fitar da ni kunya a gida.

Abu na farko da Sakkwato ta koya wa kayana shi ne zafi. Na bar akwatin a bayan mota kwana biyu cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da na buɗe sai na tarar tanonin da na zube tare sun lanƙwashe sun manne, ja ya rine kore, wasu kuma sun cinye jikin wani ɗan akwatin roba mai tauri da na saka su a ciki, domin man da ke sa su laushi yana narkar da irin wannan roba. Tun daga nan kowace iri tana zama a ledar da ta zo da ita, a cikin ɗaki, ba ta shiga mota sai ranar fita.

Abu na biyu shi ne shiru. Na yi fita da yawa a Rima ina jan tana bisa duk ƙa'idar da na koya, ban sami ko taɓi ɗaya na kirki ba, alhali ɗan yaron da ke gefena da karan dawa da tana ta gaske yana cika ƙwarya. Da na zauna na yi tunani, kuma na yi ta tambayar Baba halin kowane kifi, dalilin ya fito fili. Tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu da gashin bakinsu suke neman abinci, ƙanshi da ɗanɗano suke bi, galibi da dare ko a ruwa mai laka, don haka roba mara wari ba ta ce musu komai. Karfasa bakinta ƙarami ne, abincinta kuma ya fi karkata ga gansakuka da ƙananan abubuwa. Takan ja wutsiyar tanar ta saki, ka yi ta fizgar iska. Tsage yana kai hari, amma abu mai gudu da ƙyalli yake so, kuma idan ya kama, haƙoransa sukan raba tanar biyu ko su datse zaren, sai dai ka sa siririyar waya a gaba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke yin abin da aka gina tanar a kansa, wato ya zuƙe abu mai tafiya a hankali ya riƙe shi. Ga kuma launin ruwan: da damina Rima jan laka ne, kifi ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannu. A irin wannan ruwa baƙar tana ko mai shuɗi mai duhu ta fi fitowa, mai launin miyar kuka kuwa sai ruwa ya kwanta bayan kaka. Sau ɗaya tak tarwaɗa ta kama mini tanar roba, shi ma bayan Baba ya karɓa ya cuɗa ta da hanjin kaza, abin da ya ce ya tabbatar da maganarsa, ni kuma ban sami bakin musu ba.

Labari ya canza ne a madatsar Goronyo, wadda aka kammala a kan Rima a 1984. Na je da sanyin hunturu, a wani lokaci da hanya ke da lafiya, na fara gaida Sarkin Ruwan wurin na gaya masa abin da ya kawo ni, ya haɗa ni da wani saurayi mai kwalekwale. Abin da na roƙe shi shi ne ya kai ni inda tsohon gulbin yake kwance a ƙarƙashin tafkin, domin a Teksas na koyi cewa duk madatsar ruwa tana ɓoye da tsohuwar hanyar kogi, kuma manyan kifaye masu farauta sukan tsaya a gaɓarta inda ƙasa ke gangarawa zurfi. Bai bukaci wani bayani ba. Ya san wurin da gorar tuƙinsa, ya san inda take daina taɓa ƙasa. Na ɗaura tsuran kan jigi mai giram 10 da farar roba mai inci 4, na jefa can cikin zurfin, na bari ya taɓa ƙasa, na riƙa ɗagawa ina saukewa yana hawa gangaren. Rana na gab da faɗuwa aka buge shi, bugun da bai yi kama da ɗallin bas ba ko kaɗan, kamar an fizge sandar daga hannuna. Birki ya yi ta kuka, kifin ya taso ya girgiza kai a saman ruwa, muka ga azurfar jikinsa, sannan zaren ya dawo fayau. Saurayin ya duba bakin zaren ya ce, "Yallaɓai, giwan ruwa ce, kunnenta ya yanke ma." Gefen marufin kunnen giwan ruwa yana da kaifi, kuma zaren gaba na laba 10 da ke isar bas ba komai ba ne a wurinsa.

Na koma da zaren gaba mai ɗaukar laba 40 da kan jigi mai ƙugiya mai kauri, na kuma sassauta birki. A fita ta gaba na fitar da guda biyu, ba manya ba, babbar ba ta kai tsawon hannuna daga kafaɗa ba, amma sun ishe ni hujja. Giwan ruwa ita ce ta fi kusa da bas a cikin kifayenmu: da ido take farauta, laɓewa take yi a jikin dutse da kututture da gangare, zuƙe abinci take yi da faffaɗan baki, kuma ta fi motsi da asuba da magariba. Bambancin shi ne ita ɗan kifi take nema, ba tana ba, kuma tana iya girma har ta fi mutum nauyi, don haka wanda ya nufi manyanta da sanda irin tawa ya shirya rasa zarensa duka. Duk abin da na koya na karanta ƙasan ruwa da hannu, da lura da faɗuwar jigi, da neman gaɓar tsohon kogi, ya yi aiki a Goronyo ba tare da na canza komai ba.

Akwai abin da ban taɓa fuskanta a can ba, wato ruwa mai cike da kayan mutane. A nan ko'ina akwai kalli a shimfiɗe, akwai mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, akwai gura a gefen ciyawa, kuma jigi ba ya wuce raga bai maƙale ba. Sau ɗaya na ja na yaga wa wani kallinsa, kuma ko da yake ya ce babu komai, na biya kuɗin gyara, domin abin da ni nake yi don nishaɗi shi abincin gidansa ne. Tun daga nan ba na jifa sai na tambayi inda aka yi shimfiɗa, idan kuma na maƙale sai mu matsa da jirgi in cire da hannu. Haka nan ba na yar da yagaggiyar roba a ruwa. Ba ta ruɓewa, kifi kuma yana haɗiye ta ta tsaya masa a ciki.

Inda muka fi samun saɓani da Baba shi ne batun sakin kifi. A Amurka, tun farkon shekarun 1970 ƙungiyar masu fatsar bas da Ray Scott ya kafa a 1968 ta mayar da sakin kifi da rai al'ada a gasanninta, har ya zama yawancin masu kama bas a yau ba sa kai shi gida. Ranar da Baba ya ga na cire ƙugiya daga bakin wata 'yar ƙaramar giwan ruwa na mayar da ita, ya riƙe baki ya ce, "Allah ya ba ka, kai ko ka maida mai?" Na ce masa ƙarama ce, idan ta shekara biyu za ta ciyar da gida guda maimakon mutum guda. Ya ce idan ta shekara biyu a kallin wani za ta ƙare, ba a tawa ƙugiyar ba. Ban ga laifin lissafinsa ba. Ni ma ban ɗauki al'adar can gaba ɗayanta ba, domin raina bai kwanta da wahalar da dabba don wasa kawai ba: abin da ya isa ci ina kai shi gida a yi farfesu, ƙanana ne nake saki, kuma na danne kunnen ƙugiyoyina da filaya don cirewa ta yi sauƙi.

Wani abokina da ya ga yadda nake kewar bas ya ce me zai hana a kawo 'ya'yansa a zuba a ɗaya daga cikin madatsunmu. An yi haka a wasu wurare: an kai shi Japan a 1925, Afirka ta Kudu a 1928, tafkin Naivasha na Kenya a 1929. A Afirka ta Kudu ya cinye ƙananan kifayen asali a koguna da dama, a Japan kuma sai da aka yi dokar da ta fara aiki a 2005, wadda ta hana shigo da shi da jigilar sa da rai, kuma yana cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna idan aka kai su inda ba nasu ba. Mu ma muna da namu misalin daga ɗaya ɓangaren, domin giwan ruwan nan tamu da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ta shafe ire-iren ƙananan kifaye masu yawa da babu su a ko'ina sai can. Kifin da zai zo ya ci 'ya'yan karfasa da kawara, waɗanda su ne ake soyawa ana sayarwa a bakin kasuwa, don ni in ji daɗin fizgar sanda ranar Asabar, ban ga wanda zai amfana da shi ba in ban da ni da ire-irena, mu kuwa ba mu da yawa.

Saura kifi ɗaya da nake sa ran zai wanke tanar roba daga zargin Baba, shi ne tufi. Yana zama a ruwa mai ciyawa, ƙarƙashin bado da kainuwa, yana laɓewa shiru har abinci ya zo kusa, kuma yana cin kwaɗi da ƙananan kifaye da duk abin da ya motsa a gabansa. Wurin zamansa shi ne ainihin inda aka yi ɗaurin Teksas dominsa, inda jigi mai tsirara ba zai yi taku ɗaya ba tare da ya kwaso ciyawa ba. Na ware baƙaƙen tanoni goma da ƙugiyoyi marasa dalma, don in ja su a saman ganyen bado in bar su su faɗa cikin ramukan da ke tsakani, kuma na yi magana da wani mai jirgi a tafkin Kware mu fita idan ruwa ya ja baya bayan kaka. Baba ya ce zai bi mu, ba don ya yarda ba, sai don kada a ba shi labari. Ya kuma karɓi tana guda ɗaya, ja mai wutsiya, ya sa a aljihun 'yar shararsa, ya ce jikarsa ce ta ce a kawo mata.